Akurki Ma Ɗaki Ne: Kajin Rigasa da Hadarin Farkon Damina

A gidaje da yawa na Rigasa, musamman gidajen haya inda iyalai da dama ke raba tsakar gida ɗaya, kaza ita ce asusun uwargida. Ita ake kamawa a kai kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo ko kuɗin makaranta ya taso. Sai dai wannan dukiya ita ake ba wa wuri mafi muni a gidan, wato lungun da ke kusa da rariya, inda duk ruwan tsakar gida ke gangarawa. Idan damina ta kwashe 'yan tsaki sai a ce annoba ce. A ganina, sau da yawa laifin akurkin ne.

Hadarin farkon damina a Kaduna, tsakanin Afrilu da Mayu, daga gabas yakan taso, iska na gaba, ruwa na biye. Akurkin da ƙofarsa ke kallon gabas, aka kuma rufe shi da guntun kwano da aka danne da dutse, ba zai iya da wannan iska ba. Ya kamata ya juya wa gabas baya, a kafe rufinsa da ƙusa, a ɗaga daɓensa a kan bulo yadda ruwa zai wuce ta ƙasa.

'Yan tsaki ne suka fi shiga haɗari. Zafin jikin babbar kaza ya kai kimanin digiri 41, gashinta kuma na riƙe mata ɗumi. Ɗan tsako kuwa a makonsa na farko yana bukatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, kuma ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai gashi ya rufe shi, wajen mako 5 zuwa 6. Da zarar sun jiƙe sai sanyi ya kama su, su cure a lungu guda, na sama su danne na ƙasa. Kwali mai busasshiyar shimfiɗa a cikin ɗaki, tun hadari bai haɗu ba, ya isa ya cece su.

Markar Agusta kuma ɓarnarta a hankali take zuwa. Jiƙaƙƙen garin katako shi ne matattarar ƙwayar cutar da ke sa kaji zawon jini, dusar da ta sha danshi kuma tana yin funfuna mai guba. Wasu kan naɗe akurki da leda ruf don gudun feshi, sai warin kashin kaji ya taru ya lalata musu numfashi. A tare gefen da ruwa ke bugowa, a bar sama a buɗe iska ta riƙa ratsawa.

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, don haka lokacin shiri sananne ne. Duk maigidan da ya kira kafinta a bazara domin gyaran rufin ɗaki, ya sa akurki a cikin lissafin. Kuɗin ƙusa da bulo huɗu bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.