AIKIN HANNU A GIDA: Tukunyar Zumuntar Mata

A watan jiya mun yi zance a kan gyaran ƙafar benci. A wannan wata za mu ba ku labarin wani injin walda da muka saya, da kunyar da muka sha ta dalilinsa, da abin da muka koya.

Tun muna kwalejin horon malamai muke sha'awar gyare-gyare. Idan an tashi makaranta, sau da yawa za ku same mu a rumfar bayan gida. Waldar baƙin ƙarfe ta sanda mun ɗan iya ta. Amma alminiyam, wanda mata suke kira dalma idan suna zancen tukunya, ya daɗe yana gagarar mu. Ga shi kuwa ya cika gidajenmu: tukwane, buta, tsani, taga, har da wasu sassan babur.

A shekarar 2023 muka tara kuɗi na wata 14 domin mu sayi irin injin da ake kira TIG. Ba mu kaɗai muka tara ba. Uwargida tana da niyyar sabon keken ɗinki, amma ta ce, "Malam, sayi naka tukuna, tsohon keken zai kai ni baɗi." Ku riƙe wannan magana, gama za mu komo kanta.

Ga yadda injin yake aiki. A bakin marikinsa akwai wani siririn tsinke na ƙarfen tangstan, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 3,400. Wutar lantarki tana tsalle daga tsinken zuwa kan abin da ake gyara, ta narkar da wurin ya zama ɗan tafki. Da ɗayan hannun mutum yake tsoma sandar ciko cikin tafkin kaɗan kaɗan. A lokaci guda iskar argon tana fitowa daga tulunta ta lulluɓe wurin, don kada iskar da muke shaƙa ta ɓata narkakken ƙarfen. A Amurka aka kammala wannan dabara a shekarar 1941. Wani mutum mai suna Russell Meredith ne ya yi, a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop, shi kuwa da iskar hiliyam ya fara.

Abu na fari da ya kamata mai saye ya sani shi ne, ba kowane injin TIG ne yake cin alminiyam ba. Waɗanda suka fi araha a jikinsu DC kaɗai aka rubuta, watau wutarsu hanya ɗaya take bi. Suna da kyau ga baƙin ƙarfe da ƙarfen da ba ya tsatsa. Mai son alminiyam sai ya nemi wanda aka rubuta masa AC, watau mai wutar da take kai da kawowa. Yaron kantin da muka shiga ya rantse mana cewa mai arahar yana yin kome da kome. Allah ya taimake mu, wani dattijo mai walda a birni, wanda muke kira Baba, ya riga ya ja mana kunne. Muka ƙara kuɗi muka ɗauki mafi araha cikin masu AC, mai amfiya 200.

Abu na biyu, kuɗin injin kamar sadaki ne, lefe yana nan tafe. Sai da muka sayi tulun argon da agogonsa, da tsinken tangstan, da sandunan ciko, da garkuwar fuska mai baƙin gilashi, da safar hannu ta fata. Idan argon ya ƙare kuma, sai an shiga mota zuwa birni a cika.

Muka yi mako 3 muna gwaji a kan guntayen sabon alminiyam. Ɗinkin ya fara fita da kyau, sai kanmu ya fara girma. Muka riƙa nuna wa malamai 'yan'uwanmu guntayen a ofis.

Ran nan da yamma sai ga Mama shugabar zumuntar mata, da 'yan mata biyu ɗauke da babbar tukunyar zumunta, wadda take cin mudu 15 na shinkafa. Mata sun yi shekara guda suna karo-karo kafin su saye ta. Ta tsage daga baki zuwa kusa da kunne, tsawon ɗan yatsa. Saura kwana 9 a yi bikin auren wata marainiya wadda zumuntar ta ɗauki nauyin abincinta.

Mama ta ce, "Malam, an ce ka sami inji. Za ka iya, ko mu kai birni?"

Muka ce, "Haba Mama, wannan ai ƙaramin aiki ne. Gobe a aiko a ɗauka."

Muka wanke wurin da sabulu da ruwa, muka kunna inji. Maimakon tafki mai haske kamar madubi, sai baƙin hayaƙi da kumfa da tartsatsi. Sandar ciko ta dunƙule ta ƙi kamawa. Muka ce wuta ce ta yi kaɗan, muka ƙara. Ba ta kama ba, muka sāke ƙarawa. Baƙin ƙarfe yakan yi ja ya gargaɗe ka kafin ya narke. Alminiyam ba ya yin haka, launinsa ba ya sākewa. Kafin mu ankara sai gefen tukunyar ya rufta. Inda dā tsaguwa ce, yanzu rami ne mai shigar yatsa uku.

A daren nan barci bai ɗauke mu ba. Muka fara shirya abin da za mu faɗa: tukunyar dama ta ruɓe, injin kuma na araha ne, wutar lantarki ma tana rawa. Muka gwada maganar a gaban uwargida. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, injin ne ya ce wa Mama gobe a aiko a ɗauka?" Ba mu da amsa. Ita ce ta bar kekenta domin injin nan, ga shi muna so mu ɗora masa laifinmu.

Da gari ya waye muka tafi gidan Mama kafin a buga ƙararrawar makaranta. Muka durƙusa muka ce, "Mama, mun ɓata tukunyar. Ba mu iya ba, muka ce mun iya. Idan ba ta gyaru ba za mu biya daga albashinmu." Ta dube mu ta ce, "Ɗana, tashi. Da ka ɓoye, da ya fi mini ciwo. Je ka nemi wanda ya fi ka sani."

Ran Asabar muka ɗora tukunya a mota sai wurin Baba. Ya duba ramin ya yi dariya, ya ce, "Malam, ka yi wa alminiyam tsawa, shi kuwa ba ya jin tsawa." Sa'an nan ya bayyana mana dalili. Da zarar iska ta taɓa alminiyam sai wata siririyar fata ta rufe shi, wadda ido ba ya gani. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, amma fatar nan sai zafi ya wuce digiri 2,000. Saboda haka cikin yakan zama ruwa tun fatar tana nan daram, da nauyi ya yi yawa sai duka su zube. Amfanin wutar AC ke nan: idan ta juya gefe ɗaya tana fasa fatar, idan ta komo tana narkar da ƙarfen. Akwai maɓallin da yake raba wannan aiki, Baba ya ce mu fara da kashi 30 na shara, kashi 70 na narkarwa. Amma wutar ba ta iya share mai da dauɗa. Irin tukwanen nan da maƙera suke zubawa cikin yashi daga tsofaffin gwangwanaye da tarkacen mota, kamar yadda ake yi a kasuwar Panteka ta Kaduna, jikinsu cike yake da ƙananan ƙofofi. Man ja da man gyaɗa na shekaru sun shige ciki, sabulu ba ya kai wa gare su. Su ne suka tafasa suka zama hayaƙin da muka gani.

Baba ya ƙi karɓar aikin. Ya ce, "Kai ka huda, kai za ka toshe. Zan gaya maka yadda za ka yi." Ya ba mu guntun wata tsohuwar tukunya domin faci.

Muka komo gida muka bi maganarsa daki-daki. Muka huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsaguwar don kada ta ci gaba. Muka goge bakin ramin da zarto har farin ƙarfe ya bayyana. Muka ɗumama wurin a hankali, mai ya riƙa tsattsafowa kamar gumi, muka bari ya huce, muka share da asiton, muka sāke yi har sau huɗu. Muka kai kwalbar asiton nesa, gama yana kama wuta. Sa'an nan muka kankare da sabon burushi na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba. Muka sa sandar ciko mai lamba 4043, wadda take da silikon kashi 5 cikin ɗari, ita ce ta fi dacewa da zubabben alminiyam. Muka tokara farantin ƙarfe a bayan facin, muka kafa zana ta tare iska, gama ko ɗan hucin iska yakan kwashe argon. Muka riƙa ɗinki kaɗan, mu tsaya, mu kankare, mu ci gaba. Shara ta ci yamma biyu, waldar kanta ba ta kai awa ɗaya ba.

Muka cika tukunyar da ruwa ta kwana. Da safe ƙasa a bushe. Tabon ba shi da kyaun gani, amma ranar biki an dafa shinkafa a cikinta, amarya da baƙinta sun ci sun ƙoshi.

Ga wanda yake tunanin sayen irin injin nan, ga shawararmu. Alminiyam yana shan zafi da sauri, yana bukatar wajen amfiya 40 ga kowace milimita ta kauri, saboda haka inji mai amfiya 200 iyakarsa wajen milimita 5. Ku duba lambar hutu a jikinsa. Namu kashi 30 ne idan an ƙure shi, watau minti 3 na aiki, minti 7 na hutu. Ku rufe jiki duka, gama hasken yana ƙona fata, yana kuma sa ciwon ido mai tsanani. Ku kori yara daga wurin, su ne suka fi son leƙe. Kada ku yi aiki a rufaffen ɗaki, argon ba shi da wari, ya fi iska nauyi, yana iya shaƙe mutum. Kada ku kusanci tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko kananzir. Kada kuma ku karɓi kayan mutane sai kun gwada hannunku a kan irinsa. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma injinmu bai yi mana laifin kome ba, yana aiki har yau.

'Yan'uwa, tun daga ranar muke tunani a kan gidajenmu. Miji da mata, ko uba da ɗa, ko dattawa biyu cikin ikilisiya, sukan tsage. Maimakon mu tsaya mu kankare laifin da yake tsakani, sai mu ƙara wuta: ɗaga murya, tsawa, tone-tonen abin da ya wuce. A waje ba a ganin alama, gama mutum yana iya yin shiru alhali cikinsa ya narke. Rana ɗaya sai a ji mace ta tafi gidansu, ko yaro ya bar gida. A cikin Matiyu sura 5 Ubangijinmu ya koya mana mu fara shiryawa da ɗan'uwan da muka yi wa laifi kafin mu miƙa baikonmu. Durƙuson da muka yi a gidan Mama ya fi mana waldar wuya, amma ba don shi ba da ba mu je wurin Baba ba, da tukunyar tana nan da raminta. Idan akwai wanda ya kamata ka je wurinsa, kada ka bari Lahadi ta zo ba ka je ba.

Keken uwargida kuwa, mun fara ajiye abin da ƙananan gyare-gyare suke kawowa, ita ce take riƙe da asusun.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan gyaran fitilar ƙwai da murhun kananzir. Allah ya albarkaci aikin hannuwanku. Amin.