Kujerar Sanatan Yobe ta Arewa Ba Gadon Gida Ba Ce

Ya Edita,

Furucin da wani jami'in jam'iyya mai mulki ya yi kwanan nan a gaban magoya baya, cewa babu gurbi a kujerar Sanatan Yobe ta Arewa a zaɓen 2027, furuci ne da ya sosa ran jama'a da dama a wannan yanki, kuma shi ne ya tilasta wa mai wannan wasiƙa neman fili a jaridarku mai farin jini. Ma'anar babu gurbi a bakin 'yan siyasa ita ce an riga an gama magana, za a miƙa tikiti ga mai riƙe da kujera ba tare da ya kara da kowa ba, duk wanda ya sayi fom kuma a ɗauke shi mai yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Mutanen Bade da Jakusko da Karasuwa da Machina da Nguru da Yusufari ba a tambaye su ba, amma an yanke hukunci da sunansu.

Babu mai musun cewa Sanata Ahmad Ibrahim Lawan ya kai inda ɗan wannan yanki bai taɓa kaiwa ba a majalisa. An haife shi a 1959, ya shiga Majalisar Wakilai a 1999 yana wakiltar Bade da Jakusko, ya koma Majalisar Dattawa a 2007, ya zama jagoran masu rinjaye a 2017, sannan ya shugabanci majalisar daga 2019 zuwa 2023, kuma a zamaninsa ne aka zartar da dokar man fetur ta 2021 da dokar zaɓe ta 2022. Idan Allah ya kai rai 2027, zai cika shekara 68 a duniya da shekara 28 a Majalisar Tarayya, wato yaron da aka haifa ranar da aka fara rantsar da shi ya isa ya yi aure har ya sa 'ya'ya a makaranta. Tsufa ba laifi ba ne, kuma tsarin mulkin 1999 da ya ƙayyade wa gwamna da shugaban ƙasa wa'adi biyu bai ƙayyade wa ɗan majalisa ba. Laifin yana ga masu son rufe ƙofa tun kafin a buɗe ta.

Dalilin da ya sa wannan furuci ya yi zafi shi ne jama'a ba su manta da 2022 ba. A ranar 28 ga Mayu na shekarar aka yi zaɓen fid da gwani na wannan kujera, Bashir Sheriff Machina ya lashe, alhali Sanata Lawan yana can yana neman tikitin shugaban ƙasa, wanda ya zo na huɗu a cikinsa da ƙuri'a 152. Daga baya jam'iyya ta miƙa sunan Lawan ga hukumar zaɓe, Machina ya garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu ta ba shi gaskiya a watan Satumba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a watan Nuwamba. A ranar 6 ga Fabrairun 2023 ne Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, bisa hujjar cewa hanyar da aka bi wajen shigar da ƙarar ba ita ce ta dace da shari'ar da ke ɗauke da zargin maguɗi ba. Hukuncin Kotun Ƙoli ya zauna, babu mai ja da shi, sai dai daliget, wato wakilan da jam'iyya ta tura su zaɓi ɗan takara, sun ga da idonsu cewa ƙuri'ar da suka kaɗa ba ita ce ta fitar da ɗan takara ba. Yanzu kuma ana gaya musu tun da wuri cewa wannan karon ko kaɗawar ma ba za su yi ba.

Abin ya fi muni a Yobe saboda tun 1999 jam'iyyar adawa ba ta taɓa karɓar gidan gwamnati ba, daga APP zuwa ANPP zuwa APC layi ɗaya ne, don haka zaɓen fid da gwani shi ne ainihin zaɓe. Wanda ya toshe shi ya toshe komai. Masu sha'awar kujerar ba su ƙare ba: akwai Machina da har yanzu mutane da yawa ke ganin an ci masa hakki, akwai 'yan majalisa masu ci da tsofaffi, akwai ma'aikatan da suka yi ritaya da matasa masu ilimi daga Nguru da Yusufari da ke tambayar yaushe ne kujerar za ta fita daga Bade. Akwai kuma batun gwamna, tunda Mai Mala Buni zai kammala wa'adinsa na biyu a 2027 kuma Yobe ta Arewa ba ta taɓa fitar da gwamna ba, lamarin da zai iya sauya lissafin kowa har da na sanatan kansa. Idan Sanata Lawan ya zaɓi ya sake neman kujerarsa yana da ƙarfin da zai iya lashewa a fili, domin yana da tsarin magoya baya a kowace mazaɓa, to me ake tsoro da za a hana gwaji? Masu ba shi shawarar dogaro da maslahar dole su tuna da Kano ta Kudu, inda Sanata Kabiru Gaya ya sha kaye a hannun Kawu Sumaila a 2023 bayan shekara 16 a majalisa.

Mai wannan wasiƙa ya sha ganin iyalai a tashar mota ta Gashuwa da sassafe suna tallabe da mai ciwon ƙoda, ƙafafunsa a kumbure, an sayar da akuya ko buhun gero don a kai shi wankin ƙoda, kuma ya ga masunta a fadamar Nguru suna saran kachala da adda don kwalekwale ya sami hanya, ga rairayi yana cinye gonaki a Yusufari. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata kowane mai neman kujerar ya tsaya gaban jama'a ya yi bayani a kansu, mai ci ya faɗi abin da ya yi, mai nema ya faɗi abin da zai yi. Furucin babu gurbi ya ɗauke wa kowa wannan nauyi.

Matasa ma suna da nasu kason na laifi, domin su ne ake ba kuɗin mai su manna fosta da rana, wani ya ba su su yage ta da dare, su ne kuma sojojin baka da ke zagin duk wanda ya yi tambaya a Facebook. Dokar rage shekarun takara ta 2018 ta bar shekarun sanata a 35, kuma masu wannan shekaru da ilimi da sana'a sun cika yankin, amma da yawansu sun gwammace riƙe jakar uban gida.

Kiran da ake yi ga shugabannin jam'iyya a Damaturu da Abuja shi ne su fito su nesanta kansu daga wannan furuci, su sayar da fom ga duk mai so, su yi zaɓen fid da gwani na ƙato bayan ƙato a gaban jami'an hukumar zaɓe, sannan sunan da ya fito ranar shi ne za a miƙa, ba wani ba.

Daga wani mai karatu,
Gashuwa, Jihar Yobe.