Ciwo Yana Kai, Kuɗi Suna Ƙarewa A Kan Hannu

Babu saƙon da yake tayar da hankalin mutumin Gombe mazaunin Agege, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, kamar a buga masa waya da asuba a ce tsoho ya tashi zai yi alwala buta ta kuɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, magana kuma ta ƙi fita. Kafin azahar ya aika da ɗan abin da ya tara. Abin da ba ya tsayawa ya tambaya shi ne inda kuɗin za su shiga. Galibi kuwa a kan hannun suke ƙarewa. A sayo man shafawa, wanzami ya zo ya yi tsaga ya kafa ƙaho, a turara hayaƙi, a ɗauko mai magani daga wani ƙauye domin an ce jifa ne ko shafar iska. Sai an kwashe mako biyu ana haka, aljihu ya yi ƙasa, sa'an nan a tuna da asibiti.

Hannun nan da ake ta murzawa lafiyarsa ƙalau. Ƙashinsa bai karye ba, namansa bai mutu ba. Abin da ya same shi shi ne umarni ya daina iso masa, kuma mai ba da umarnin yana cikin kai, a ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ya taso daga bayan goshi zuwa tsakiyar kai. Wannan ba zancen jiya ba ne. Tun shekarar 1870 wasu likitoci biyu a Balin ta ƙasar Jamus, Fritsch da Hitzig, suka taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kare da 'yar wutar lantarki, sai ga ƙafar ɗaya gefen tana motsi. A shekarar 1937 Likita Wilder Penfield na birnin Montiriyal a Kanada, wanda yake yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, ya fitar da taswirar wannan wuri a jikin ɗan Adam. Wani siririn zirin ƙwaƙwalwa ne da ya gangaro daga tsakiyar kai zuwa wajen kunne: ƙafa tana can sama, hannu a tsakiya, fuska da harshe a ƙasa. Abin mamaki, filin da yatsu suka ci a taswirar ya fi na gadon baya da ciki gaba ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai ɗinkin hula, ko malami yana jan alƙalami a kan allo, ba zai yi jayayya da wannan rabo ba.

Penfield sai da ya buɗe ƙoƙon kai kafin ya gani. Yau ba a buɗewa. A shekarar 1990 wani masani ɗan ƙasar Japan mai aiki a Amurka, Seiji Ogawa, ya nuna cewa injin hoto mai aiki da maganaɗisu, wanda ake kira MRI, yana iya bambance jinin da ke ɗauke da iskar shaƙa da wanda ya riga ya sauke ta. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma tana cin wajen kashi 20 na iskar da mutum yake shaƙa, kuma duk sashen da ya kama aiki jini yakan ƙaru zuwa gare shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saboda haka sai a kwantar da mutum cikin injin, a ce ya riƙa taɓa babban yatsansa da sauran yatsu na ɗan lokaci, ya huta, ya sake. Idan aka gwada hoton lokacin aiki da na lokacin hutu, sai wurin hannu ya fito fili. In hannun dama ne ya motsa, hagun ƙwaƙwalwa ne zai nuna. In na hagu ne, dama.

Tun kafin wannan injin, a shekarar 1980, Per Roland da abokan aikinsa a ƙasar Denmak sun gano wani abin da ya fi wannan ban sha'awa. Sun ce wa mutane su yi tunanin jeranta motsin yatsu a zuci kawai, ba tare da sun motsa ko farce ba. Zirin da ke ba da umarni bai tashi ba, amma wani wuri da ke gabansa kaɗan, mai tsara aiki kafin a yi shi, ya ja jini. Ashe niyyar ɗaga hannu ma tana da mazauninta a cikin kai.

To, mene ne ruwan mai sayar da goro a Ikko da waɗannan gwaje-gwaje na Turai? Ruwansa shi ne su ne suka warware abin da ke rikita iyalinsa a Jekadafari ko Pantami ko Bolari. Me ya sa hannu da baki suke tafiya tare? Domin a taswirar maƙwabtan juna ne, jijiyar jini ɗaya ce take shayar da su. Me ya sa wanda hannunsa na dama ya shanye yakan rasa magana, na hagu kuwa sau da yawa bakinsa garau? Domin a yawancin mutane wurin harhaɗa magana yana hagun ƙwaƙwalwa, kamar yadda Paul Broca na Faransa ya fara nunawa a 1861. Me ya sa tsoho yakan miƙe ya dogara sanda zuwa masallaci alhali yatsunsa ba su iya riƙe carbi? Domin sau da yawa wurin ƙafa ya tsira, wata jijiya dabam ce take kai masa jini. Ciwon da yake bin ƙa'ida ɗaya a Gombe da Landan da Tokiyo, bai kamata a tsaya neman wanda ya jefo shi a cikin dangi ba. Gidaje nawa ne zumunci ya watse a cikinsu saboda an zargi kishiya ko ɗan uba, alhali hawan jini ne ya yi ɓarnar?

Wannan magana ta hawan jini akwai lissafi a kanta, kuma a ƙasar nan aka yi shi. Wani babban bincike mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Badun yake cikin shugabanninsa, ya bi masu shanyewar ɓarin jiki fiye da 2,000 a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba. Ya kuma nuna kashi 68 cikin ɗari toshewar jijiya ce, kashi 32 kuwa fashewa ce jini ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. A ido, biyun kamarsu ɗaya. A magani kuwa kishiyoyin juna ne: asfirin da yake taimakon mai toshewa zai iya ƙara wa mai fashewa zubar jini. Babu likitan da zai rabe su da tabbaci sai da hoton kai.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, kada a ruɗi mutane da sunan ilimi. Majinyacin Gombe ba ya bukatar irin hoton nan na motsa yatsu. Wancan na masu bincike ne, da likitocin da ke shirin yanke ƙari a ƙwaƙwalwa suna gudun taɓa wurin hannu. Abin da yake bukata shi ne hoton CT, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada shi a kan majinyaci a Landan tun 1971, ba ya kuma cin fiye da 'yan mintoci. Yana bukatarsa ranar da abin ya faru, domin allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, ƙa'idarta awa huɗu da rabi ne daga farawar ciwo. Gombe ta zama jiha a 1996, kuma asibitin tarayya da ke kan hanyar Ashaka ya zama asibitin koyarwa a 2014. Can ya kamata mota ta nufa kai tsaye, ko daga Dukku aka taso, ko Bajoga, ko Kumo. Kafin a isa kuma kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko wani jiƙo, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya zarce huhu. Addu'a ba ta hana mota tafiya, ana iya yinta a kan hanya.

Sai maganar bayan an sallamo shi, wadda ita ce aka fi yin sake da ita, kuma a nan ne hotunan ƙwaƙwalwa suka fi ba da labari mai daɗi. Taswirar nan ba a kan dutse aka sassaƙa ta ba. A shekarar 1996 Randolph Nudo a Amurka ya nuna a jikin birai cewa idan ɓarna ta sami wurin hannu aka bar hannun ba ya aiki, ragowar wurin ma ƙanƙancewa yake yi. Idan kuwa aka tilasta wa birin tsintar abinci da yatsun kullum, wurin yakan tsira, har ya ci iyakar maƙwabtansa. Hotunan da aka ɗauka na mutane masu murmurewa sun nuna wasu sassa suna karɓar aikin wanda ya lalace. Daga irin wannan ne Edward Taub ya fito da dabarar sanya wa hannu mai lafiya safa a hana shi aiki na wasu awoyi, domin mai ciwon ya koma bakin aikinsa, ga wanda yatsunsa suka fara ɗan motsi.

Yanzu a dubi yadda ake jinya a gidan Bahaushe ko Bafillace. Tsoho yana kishingiɗe, jika yana ba shi fura a baki, 'ya tana sa masa hula, ɗa yana ɓalla masa maɓalli. Duk ladabi ne da neman albarka, babu mai musun haka. Amma kowace loma da aka ba shi a baki, darasi ɗaya ne aka hana ƙwaƙwalwarsa, a cikin watanni ukun farko da sauƙi ya fi saurin samuwa. Gara a bar shi ya yi kokawa da ludayi ko da rabin furar zai zube, ya tsinci wake daga faranti zuwa kwano, ya ja carbi da hannun da ya ƙi. In kuma dole ta sa ya ci tuwo da hagu na ɗan lokaci, ba abin gori ba ne.

Ma'aikatan gashi na asibiti su ne suka san yadda ake tsara wannan horo, kuma ba su wadata ba a wajen manyan garuruwa. Haƙƙin gwamnatin jiha ne ta kai su manyan asibitocin ƙananan hukumomi, domin ba kowa ne zai iya kawo tsoho Gombe sau biyu a mako daga Nafaɗa ba. Kafin a kai ga haka, ƙungiyoyin 'yan Arewa da ke zango-zangon Kudu, waɗanda suka saba haɗa kuɗin kai gawa gida, za su iya buɗe asusun hoton kai da kuɗin motar zuwa gashi. Mai shirin tafiya gida hutun salla kuma, kafin ya cika jaka da shadda da atamfa, ya ratsa kantin magani a Idumota ya sayi na'urar awon jini ta hannu, ya zauna ya koya wa wani yaro mai hankali a gidan yadda ake karanta ta, da littafin da zai riƙa rubuta awon tsoho da tsohuwa kowace Juma'a.