Tace fim daban, sanin na wa ne daban

Duk lokacin da aka taso da maganar lalacewar tarbiyyar yara a Magarya ko Dungas, sai wani ya miƙe ya ce a rufe gidajen kallo, a kafa mana hukuma irin ta Kano. Ni dai ban yarda ba.

Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tun 2001 take aiki. Ta hana, ta kama, a 2007 har Adam Zango ya shiga gidan yari saboda bidiyon Bahaushiya. Amma yau shekara ashirin da ɗoriya, wane uba ne zai dubi fim ya ce wannan na ɗan shekara goma ne, wancan sai baligi? Tacewa tambaya ɗaya take amsawa: a fitar ko a hana. Uba kuwa so yake ya san wa ya dace ya gani.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane wannan. Amurka ta fara raba fina-finai bisa shekarun mai kallo a 1968. Da zubar da jinin wasan Mortal Kombat ya kai gaban majalisar dattawansu a 1993, ba hana shi aka yi ba, hukumar ESRB aka kafa a 1994 don ta riƙa sa wa kowane wasa alama. Turai na da PEGI tun 2003, lamba ce ƙuru-ƙuru a jikin kwali: 3, 7, 12, 16 ko 18. Indiya na da U da UA da A. Ita ma Najeriya hukumarta ta tarayya tana ba da 12 da 15 da 18.

Sai dai duk an gina su ne don ƙasar da ke da mai yankan tikiti a ƙofar silima, da kwali, da uban da ya iya karatu. Mu fa? Da can faifai ke tsallako mana daga Kano ta Babura ko Maigatari, aƙalla da hoto a bayansa. Yanzu yaro zai miƙa memori ga mai turi, a cika masa fim ashirin, ba kwali ba lamba, suna kawai. Takardar shedar da ke fitowa a farkon fim ɗin Indiya, ko ba a yanke ta ba, cikin daƙiƙa kaɗan ta wuce, kuma ba da Hausa take ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne fassara na sa iyaye su saki jiki. Da uwa ta ji ana magana da Hausa sai ta ɗauka namu ne, alhali sare kan da aka yi don manya yana nan daram.

Gidan gem ma haka. GTA San Andreas lambarsa 18 a Turai: satar mota, harbin 'yan sanda, ɗaukar karuwai. A nan ɗan shekara takwas ke riƙe da shi da canjin cefane, shi kuwa mai gidan galibi bai taɓa ganin kwalin ba balle lambar. Ba mugu ba ne, ba wanda ya faɗa masa.

Saboda haka lambar nan a kunne ya kamata ta shiga. Masu fassara da ba sa gajiya da kiran sunan kamfaninsu a tsakiyar fim, me zai hana su buɗe da cewa wannan na manya ne? Masu turi su ware na yara gefe guda. Ma'aikatar magajin gari da ta san hanyar kowane gidan kallo ranar karɓar haraji, ta ƙara sharaɗi ɗaya: da rana wasan ƙwallo, wanda lambarsa 3, na kashe-kashe sai bayan isha'i, kuma ban da yara.

Za a ce ai yaron zai gani a wayar yayansa. Zai gani. Amma a rumfar gem maƙwabci na iya leƙowa ya ja masa kunne. In kuka rufe rumfar, ɗaki zai koma da wayar, ya ja bargo.