Ƙafar Ɗan Achaɓa Ba Balangu Ba Ce

 Yau faɗa na zo yi, kuma duk wanda abin ya shafa ya yi haƙuri, har da na cikin gidanmu.

Mako uku da suka wuce na raka ɗan ƙanin mahaifina asibiti a nan Ibadan. Yaro ne ɗan shekara 19, wata bakwai ke nan da zuwansa daga gida, kuma ɗaya daga cikin baburan Baba yake ja. A cikin gosulon Iwo Road wata mota ta matse shi, ya kai ƙafar dama ƙasa don kada ya faɗi, sai sha-raɓarsa ta manne da wuyan salansa. Silifas ne a ƙafarsa, wandon kuma irin na 'yan ƙwallo ne, nan take ya narke ya liƙe da fata. Me ya yi? Ya shafa makilin, wani abokinsa ya ƙara masa da baƙin mai, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki har kwana tara, domin balas ba ya jira. Ranar da ma'aikaciyar jinya ta kwance tsumman nan wallahi sai da na fita waje saboda wari. Da ta ɗaga ɗaya ƙafar kuma, wadda ba ta ƙone ba, ta nuna mini yadda fatar wajen idon sawu ta yi baƙi da zane-zane kamar raga. Ta ce wannan ba datti ba ne, zafin inji ne yake gasa wurin a hankali kullum.

Da na kawo maganar a majalisa da daddare, amsar da na samu ita ce ta fi ƙona mini rai. Wani ya ce ai aikin ke nan, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wani ya ce mu da muka saba da ranar Kano, wane zafi ne a Ibadan? Wani dattijo da nake girmamawa ya ce yaran yanzu ne ba su da juriya. To ni dai ban yarda ba. Mafi yawan zafin da ke cin ƙafar yaranmu da hannunmu muka ƙara shi, kuma don neman rarar kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Mu fara da zancen ranar Kano. Gaskiya ne a watan Afrilu zafin Kano yakan wuce digiri 40, na Ibadan kuwa a Fabrairu da Maris yakan tsaya wajen 34 ko 35. Amma zafin gida busasshe ne, gumi yana fitowa yana bushewa jiki ya ɗan huce. A nan iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, gumi ba ya tafiya, fata tana nan a jiƙe tun safe har dare, ga kuma hawa da gangara. Wanda ya taɓa ɗaukar mutum biyu ya hau tudun Mokola ko na Oke-Are da giya ɗaya ya san abin da nake nufi. Kano kuwa shimfiɗaɗɗen gari ne, kuma tun Janairun 2013 aka hana achaɓa a cikinta, saboda haka yawancin masu wannan kwatance ba su taɓa yin aikin a can ba ma.

Baburan da muke aiki da su, Boxer ne ko TVS ko Haojue, duk ba su da lagireto. Iska ce kawai take sanyaya su, da kuma man da ke zagayawa a ciki. Ƙarafan nan da ke jere a jikin inji kamar haƙarƙari an yi su ne don iska ta bi tsakaninsu ta kwashe zafi. In babur yana gudu, iska tana wucewa da zafin ta baya. In ya tsaya a gosulo inji yana kunne, babu mai kwashewa, sai zafin ya taso sama ya bi ƙafafuwan mai tuƙi. Kan inji yakan kai digiri 150 ko fiye, wuyan salansa kuwa ɗaruruwan digiri ne, alhali fatar ɗan Adam digiri 70 ma ya ishe ta ƙonewa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ban yi jami'a ba, sakandare na gama, amma wannan lissafin ba sai da digiri na takarda ba.

Yanzu ga inda laifinmu yake. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1000. Daga nan wata sabuwar al'ada ta shigo tashoshinmu, kowa sai ya kai babur wurin bakanike ya ce a rage masa shan mai. Bakanike ya murɗa sukurun kabureta, ko ya sauke allura, ko ya sa ƙaramin jet, a ba shi na goro, kowa ya tafi yana murna. Abin da ba a faɗa wa yaro shi ne, injin da aka ƙuntata wa mai aka bar masa iska da yawa ya fi ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, domin shi kansa fetur ɗin yana taimakawa wajen sanyaya cikin inji. Alamun ba su ɓuya. Babur zai riƙa shaƙewa in ka murɗa totur, salansa ta riƙa tas-tas in ka saki, wuyanta ya canja launi ya koma shuɗi-shuɗi. In kana son shaida, kwance filogi ka duba bakinsa. In ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar shayi da madara, lafiya lau. In ya yi baƙi da toka, mai ya yi yawa. In kuwa ya yi fari fat, to injinka yana ƙuna, ƙafarka ma haka. Filogin babur ɗin ɗan'uwan nan nawa da na kwance, fari ne kamar alli. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, ka tsira da rabin lita a yini, bayan wata huɗu ka sayi fistin da zobe, ka kuma biya kuɗin asibiti.

Sai baƙin mai. Injin nan kusan lita ɗaya kawai yake ɗauka, kuma wannan lita ɗayar ita ce take shan wahalar inji da giya da kulochi gaba ɗaya. Amma sai ka ga yaro ya tsaya bakin hanya an auna masa mai a kwalbar lemo, ba a san daga wace durom ya fito ba, wani ma tsohon man mota ne aka tace. Wani kuma ba ya juyewa sam, ƙari kawai yake yi in ya ji inji ya fara ƙara. Man da ya mutu ya zama ruwa-ruwa ba ya raba ƙarfe da ƙarfe, gogayya ta ƙaru, zafi ya ƙaru. Araha dai ba ta ado. A sayi mai a rufe cikin galan ɗinsa, wanda aka yi don babur, a kuma duba sandar awo kowace safiya kafin a tayar. Haka nan eya kilina da ta toshe ko ta yage, da tafet da aka ɗaure tamau, da sarƙar da aka ja ta yi tauri, da birkin da ke kamawa, da tayar da ba iska, kowannensu ƙarin kaya ne a kan inji, kuma duk ƙarin kaya zafi yake komawa.

Akwai abin da in na gani nake jin kamar in yi ihu, wato a tsaya a tasha a fasa fiya wata biyu a kan inji yana tsananin zafi, ya yi cuuu, hayaƙi ya tashi, mai shi yana ganin ya yi dabara. Ƙarfe mai zafi in ruwan sanyi ya dake shi farat ɗaya yakan lanƙwashe ko ya tsage, ga turirin da ke dukan ƙafa. In inji ya yi zafi, a kashe shi a inuwa minti goma, kai ma ka sha ruwan nan da za ka zubar. In gosulo ya tsaya cak kuma, kashe inji ya fi barin shi yana ci, ka ga nan ne ma ake ragin mai na gaskiya. Wanki kuwa sai da safe inji yana sanyi, a sa buroshi a kankare jar lakar nan ta Ibadan da ke cika tsakanin haƙarƙarin inji ta bushe kamar bulo. Injin da laka ta lulluɓe kamar mutum ne da aka sa wa bargo a watan Maris.

Ban manta da masu ado ba. Wasu suna ɗaura kwali ko buhu ko tsohon kafet a jikin ƙarfen kare ƙafa, wai don kada ruwan kwata ya fantsamo musu. Da damina na ji, amma a bar shi har bazara? Kun tare wa inji hanyar iska, kun mayar da tsakanin ƙafafunku tanda. Wasu kuma murfin salansa ne ya kwance ya fara ƙara, maimakon a nemo noti biyu a ɗaure sai a cire a jefar. Murfin nan da ɗan sararin da ke tsakaninsa da salansa su ne bambancin ɗumi da ƙuna, kuma ba ƙafarka kaɗai yake karewa ba. Salansa a dama take, kuma nan ne sha-raɓar fasinja take sauka, musamman mata masu zani da yara 'yan makaranta. In ka ƙona 'yar mutane a garin da ba naku ba, kowa ya san ba kai kaɗai za a zaga ba, duk Sabo za a haɗa. Ku riƙa ce wa fasinja ya hau ta hagu ya sauka ta hagu.

Maganar sutura ita ce wadda aka fi yi mini gardama a kai. Yaro zai ce zafi ake yi, ta yaya zan sa jins da safa da kambas? Wallahi tsirarar fata ita ta fi shan zafin inji. Wando mai kauri na auduga, wanda bai matse ba, yana tare zafin kafin ya iso, kuma in ka taɓa salansa yana ba ka daƙiƙar da za ka janye ƙafa. Yadin roba kuwa narkewa yake ya shiga cikin ciwon, na gani da idona. Takalmi ya rufe idon sawu. A gwanjo ana samun irinsa, kuma kuɗinsa bai kai abin da wasu ke kashewa a kati da shayi a mako ɗaya ba. Duk wanda yake da ciwon suga kuma ya ƙara kula, domin ciwon yana kashe jin zafi a ƙafa, mutum ya ƙone bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa.

In tsautsayi ya faru aka ƙone, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta kwararawa a wurin har kimanin minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da makilin, ban da ƙwai, ban da gishiri, ban da manja, baƙin mai kuwa ko kusa. Kada a fasa bororon, kada a fizge yadin da ya liƙe. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti a ranar, ba bayan kwana tara ba.

To amma in na tsaya a kan yara kawai ban yi adalci ba. Su wa ke da baburan? Iyayenmu ne 'yan kasuwa, masu goro da albasa da shanu, su suke saye su ba yara a kan balas. Yaron da aka ɗora wa adadin da zai kawo kullum ko ana ruwa ko ana rana, shi ne zai rage wa kabureta mai, shi ne zai sayi man kwalba, shi ne zai ɗora buhu uku da mutum a kan injin da bai wuce cc 100 ba. Tun da Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi 6 a Yunin 2022, ta ƙara 4 a Satumba, yara suka kwararo nan, masu neman babur suka fi baburan yawa, sai masu babur suka samu bakin cewa in ba za ka iya ba ajiye makulli. Shugabannin tasha ma kullum suna yankar tikiti, amma ban taɓa ganin wanda aka hana lodi don ya zo da silifas ko babu murfin salansa ba.

Na sami Baba a shago na durƙusa na ce, Baba, ku duba lamarin nan, kuɗin asibitin yaron nan da kwanakin da babur ya yi a ajiye sun fi kuɗin takalmi da mai na shekara guda. Ya daɗe yana kallona, ya ce, kai yanzu har ka isa ka koya mini kasuwa? Na yi shiru. Bayan kwana biyu sai ya kira ni ya ce daga yanzu juyen mai a kansa yake, a shago za a riƙa yi a gabana, kuma ranar juye a rage wa yaro balas. Takalmi dai har yau muna kan ja, ya ce wannan na mai ƙafa ne.

Shi kuwa ɗan'uwan nawa ciwon ya fara haɗewa, amma an ce tabon ba zai tafi ba, kuma sai ya ƙara mako biyu kafin ya hau babur. Ranar Asabar bayan la'asar ina ƙofar shagon Baba da sifanar filogi. Duk wanda yake ganin ƙarya nake yi ya kawo babur ɗinsa, mu bari ya huce, mu kwance mu duba tare. Ba na karɓar ko sisi.