Madubin da Muke Rufewa da Damina, Mu Bar Shi a Buɗe da Rani

Tun muna yara muka taso muka tarar da iyayenmu mata, da zarar hadari ya haɗo an fara walƙiya, sai su yi maza su yafa wa madubi zane, wai kada ya jawo tsawa cikin ɗaki. Har yau idan na je gida da damina, ni ake aika in rufe na mahaifiyata, kuma ina rufewa ba tare da musu ba, ko da yake abin da na karanta a kwalejin ilimi ya nuna mini cewa madubi ba shi da wata alaƙa da tsawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan madubin da muke jin tsoronsa a ranar da ba zai yi mana kome ba, shi muke bari a buɗe a bakin taga ranar da zai iya ƙone mana gida.

A hunturun bara abin ya kusa faɗa mini. Ranar Asabar ce da hantsi, ina tsakar gida ina wanki, na bar littattafan 'yan ajina arba'in da wani abu a kan tebur kusa da taga, da nufin in duba su bayan azahar. Ƙaramar 'yata ce ta fito tana cewa, "Umma, ɗakinki yana wari." Da na shiga sai na tarar da wani siririn hayaƙi yana tashi daga gefen labule, ga wani ɗigon haske fari fat a jikinsa, yadin ya narke ya yi rami baƙi kamar an ɗosa masa sigari. Kwana biyu ke nan ba a kawo mana wuta ba, ba a kunna kyandir ba, ba a shigo da garwashi ba. Madubina na kwalliya ne, irin mai fuska biyu ɗin nan da ake juyawa, na gama shafa kwalli da safe na bar shi a kan dakalin taga, fuskar da ke ƙara girma tana kallon waje. Tsakanin labulen da katifar soso bai fi kamu ɗaya ba, kuma a ƙarƙashin katifar nan takardun shaidar karatuna da takardar ɗaukata aiki suke. Da a ce ranar aiki ce, gidan a kulle, da sai dai labari.

Na kuma san irin labarin da za a bayar. Za a ce wutar lantarki ce, alhali babu ita. Idan aka tabbatar babu ita, sai a koma kan aljanu, ko a fara kallon maƙwabciya ko kishiya da wani ido. Gobarar da ba a gano musabbabinta ba takan ci zumunci bayan ta gama cin kaya, kuma wannan ɓarnar ta fi wuyar gyara.

Bayanin abin yana cikin darasin haske da muke koyarwa a manyan azuzuwan firamare. Madubi iri uku ne. Akwai miƙaƙƙe, irin na jikin bango ko na jikin sif, wanda yake mayar da haske yadda ya zo masa, ba ya tara shi. Akwai mai tudu, irin na gefen mota da babur, wanda yake warwatsa haske, shi ya sa abubuwa suke ƙanƙancewa a cikinsa. Na ukun shi ne mai zurfi kamar ƙwarya, wato na kwalliya da na aski, wanda yake nuna fuska ta yi girma. Shi wannan duk hasken da ya sauka a kansa yakan tattara shi a wuri guda ɗan ƙarami a gabansa, galibi taƙi ɗaya zuwa kamu biyu daga fuskarsa. Idan sama ta yi garau, rana tana zuba ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Abin da madubi mai faɗin tafin hannu yake kamawa daga ciki kaɗan ne, amma in aka matse shi a wurin da bai fi ƙwayar wake ba, ya isa ya ƙona takarda ko yadi cikin ɗan lokaci. Gane irin wannan madubi ba wuya: in ka kusanto fuskarka ta ƙara girma, in ka ja da baya sosai ka ga kanka a kife, to shi ne.

Ba sabon ilimi ba ne. Wajen shekarar 984 Ibn Sahl ya rubuta littafi a Bagadaza a kan madubai da gilasai masu ƙonawa, bayansa kuma Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi nasa rubutun a kan batun. Har gobe da madubi mai zurfi ake kunna wutar wasannin Olamfik a ƙasar Girka. A 2013 kuwa wani dogon bene da ake ginawa a titin Fenchurch na birnin Landan, wanda aka yi wa jikin gilashi mai lanƙwasa, ya tara rana a kan titi har ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar da aka ajiye, sai da aka yi masa rumfar kare rana. Idan injiniyoyin da suka zana bene irin wannan suka yi sake, ba abin kunya ba ne a ce malamar aji biyar ta yi. Hukumar kashe gobara ta Landan ɗin ma ta sha jan kunnen jama'a a kan ajiye madubi da kayan gilashi a bakin taga.

Wata abokiyar aikina da na ba ta labari ta ce nata madubin ya shekara uku a wuri guda bai taɓa yin kome ba. Gaskiya ta faɗa, nawa ma ya daɗe a wurin. Sai dai rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. A nan arewa, tsakiyar damina tana ɗan karkata arewa, daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu kuma sai ta koma kudu ta yi ƙasa-ƙasa, ta leƙa tagogin da ba ta shiga a da. Wannan lokacin ne kuma iskar hunturu take busar da kome ƙayau, labule da tabarma da takarda. Ga shi ɗigon hasken yana tafiya a hankali yadda ranar take tafiya. Yana iya yin watanni yana sauka a kan bangon siminti, ranar da aka ɗan juya madubin wajen shara, ko aka rataye mayafi a ƙusa, sai ya sami abin ci. Tagar gabas da hantsi da tagar yamma da la'asar su ne suka fi shigo da rana har cikin ɗaki.

Ba madubi kaɗai ba. Gilashin ƙara girman rubutu, da tabarau na karatu irin wanda yawancinmu da muka haura arba'in muka fara sanyawa, da kwalba ko gorar roba mai cike da ruwa garau, duk suna iya tara haske ta bayansu. Miƙaƙƙen madubi shi kansa ba ya ƙonawa, amma yana iya karkato rana ya kai ta kan ɗaya daga cikin waɗannan a lungun da ba a zata ba.

Na san za a ce akwai abubuwan da suka fi wannan haddasa gobara a gidajenmu, kuma haka ne. Kaskon garwashi da ake kwana da shi a ɗaki da sanyi, da kyandir, da tukunyar gas mai yoyo, da wayoyin wuta da aka haɗa barkatai, da man fetur ɗin janareta a jarka, kowannensu ya fi madubi ɓarna nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne, waɗancan kowa ya san wuta ce, ana kaffa-kaffa da su gwargwadon hali. Madubi kuwa ba wanda yake zarginsa, kuma maganinsa ba ya cin ko kobo. A ɗauke na kwalliya daga taga da duk inda rana take kaiwa, a kifa shi ko a jefa shi cikin durowa idan an gama. Babban madubin ado na kayan ɗakin amarya, wanda masu jere suke son kafawa daura da taga don ɗaki ya yi haske, gara a ba shi bangon da tagar take, inda rana ba za ta fuskance shi ba. Mai fita aiki tun safe ya saki labule kafin ya kulle ƙofa. Ga malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wanda ba shi da inshora, wanda in takardunsa suka ƙone zai yi shekara yana zarya tsakanin kotu da ofisoshi, wannan ɗan motsi ba ƙaramin abu ba ne.

Roƙona ga reshenmu guda biyu ne. Na farko, shugabannin makarantu su duba ofisoshinsu. A makarantu da dama akwatin kayan kimiyya, da gilasansa da madubansa, yana nan a buɗe a kan kabad kusa da taga, gefe guda da rajistocin ɗalibai da takardun jarrabawa, kuma haka ake kulle ofishin a tafi hutu na makonni. Na biyu, darasin haske ya fito daga kan allo. Mun saba zana kibiyoyi da alli, yara su kwafa, su haddace, su manta. Sati biyu bayan abin da ya same ni na fito da 'yan ajina fili, da madubin nan da guntun takarda da bokitin ruwa a gefe. Da hayaƙi ya tashi, ajin da ba ya shiru ya yi tsit.

Wani malami ya ce mini ina koya wa yara tada gobara. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, shi ya sa madubin bai bar hannuna ba, na kuma fara da gargaɗin cewa ba a kallon rana ta cikin gilashi ko madubi, ba a haska wa kowa ita a ido, domin tana iya lalata gani har abada. Amma yaran nan tuni suna wasa da fasassun madubai a bayan aji, suna haska wa juna fuska, ba wanda ya gaya musu haɗarin. Aikin gida da na ba su ranar shi ne kowa ya zagaya ɗakin mahaifiyarsa ya ƙirga abubuwan gilashi da rana take taɓawa. Washegari yara bakwai suka ce sun sami madubi mai ƙara girma a bakin taga, ɗaya kuma ta zo da saƙo daga kakarta, wai a tambayi Malama ko na jikin bangon ma sai an rufe shi da rani.