Masu Buɗe Kamfani A Amurka, Ku San Iyakar Wakilinku

Jama'a, wata sabuwar hanyar kasuwanci ta shigo cikin samarinmu na Ikko da Badun da Fatakwal, watau buɗe kamfani a Amurka ana zaune a gida. Mutum ya ɗauki wayarsa ya cika fom ta intanet, ya biya kuɗi, kafin wani lokaci sai ga takardar shaida cewa yana da kamfani a Jihar Delaware ko Wyoming. Dalilinsa kuwa shi ne ya sami damar karɓar dala daga masu sayen kayansa a ƙasashen waje. Wannan neman halali ne, ba mai tsawata masa. Amma cikin wannan sha'ani akwai wani mutum da yawancinsu ba su san aikinsa ba, shi ne wanda ake kira wakili mai rajista.

Dokar kusan kowace jiha ta Amurka ta ce tilas kamfani ya naɗa wakili mai adireshi na sosai a cikin jihar, gida ko ofis da za a ƙwanƙwasa a sami mutum a lokacin aiki. Akwatin gidan waya ba ya wadatarwa. Aikinsa shi ne karɓar sammacin kotu da wasiƙun gwamnati a madadin kamfani, sa'an nan ya aika wa mai shi. Akwai kamfanonin da ba su da sana'a sai wannan. Wani ɗan gini mai lamba 1209 a titin North Orange na garin Wilmington, a shekarar 2012 an ƙidaya kamfanoni sama da 285,000 da ke amfani da adireshinsa.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya shiga wannan harka ya ɗauki wakili na kirki, ya riƙa biyansa ladansa kan kari. Na san wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce, ai suna da ƙane ko aboki da ke karatu can, sai a sa sunansa. To, ƙanen nan in yana Texas, kamfani kuwa yana Delaware, doka ba ta yarda ba. Ko da jiha ɗaya suke, ɗalibi yau yana nan, gobe ya sake gida. Ran da aka miƙa wa wakili sammaci, a idon shari'a kai aka miƙa wa. A kotunan tarayya na Amurka kwana 21 ake ba wanda aka yi ƙara ya ba da amsa. In wa'adin ya wuce shiru, mai ƙara na iya neman a yanke hukunci a bayan idonka, kana Agege ba ka ma san an yi ba. Araha dai ba ta ado.

Sai dai kuma ga inda gizo ke saƙar. Mu Hausawan Kurmi mun saba da maigida irin na Sabon Badun, wanda fatake masu shanu da goro ke sauka wurinsa. Shi zai ba baƙo masauki, ya haɗa shi da dillali, in an sayar da shanu bashi ya tsaya masa har kuɗinsa su fito. Da jin kalmar wakili sai mutanenmu su zaci irin wannan ne. Ina! Wakilin Amurka ɗan aike ne kurum. Ba ya shiga kotu dominka, ba ya ba ka shawarar lauya, ba ya biya maka haraji. Abin da ya wuce karɓar takarda da isar da ita, sai in kun yi wata yarjejeniya dabam, ka kuma biya kuɗinta dabam.

Ga misali. A Delaware, irin kamfanin nan da ake kira LLC yana biyan harajin jiha kafin 1 ga Yuni na kowace shekara ta wuce, ko ya yi ciniki ko bai yi ba. A 2024 dala 300 ne, wanda ya makara a ɗora masa tarar dala 200 da ruwa kowane wata. In aka shekara uku ba a biya ba, a soke kamfanin. Haka kuma tun daga 2017, baƙon da ya mallaki irin wannan kamfani shi kaɗai wajibi ne ya aika wa hukumar harajin tarayya fom mai lamba 5472, muddin kuɗi sun gilma tsakaninsa da kamfanin, ko da bai ci ribar kwabo ba. Tarar rashin aikawa dala 25,000 ce. Ku buga wannan da naira ku gani, jarin wani ke nan ɗungurungum.

Shi kansa wakilin, in ka daina biyansa yana da ikon ajiye wakilcin. A Delaware in ya ajiye, kwana 30 suka cika ba ka naɗa wani ba, an soke takardar kamfaninka. Masu tallar buɗe kamfani sukan haɗa ladan wakili na shekarar farko cikin kuɗin rajista, shi ya sa mutum kan manta akwai shekara ta biyu.

Saboda haka kafin ka biya, tambayi wakilin abu uku: yaya zai sanar da kai in takarda ta zo, cikin kwana nawa, kuma nawa ne ladansa bayan shekarar farko. Ba shi adireshin imel da kake dubawa kullum, in ka sake lambar waya ka gaya masa. Nemi akanta wanda ya san harajin Amurka. In kuwa masu cinikinka duk suna Mile 12 da Alaba Rago, me ya kai ka Delaware? Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya ikon yin rajistar ƙaramin kamfani a nan gida wurin hukumar CAC, ita ma tana neman bayanin kowace shekara.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa mu gane.